Keken da Na Haɗa da Hannuna

Mai karatu, shekara da shekaru ina miƙa wa mutane maganin hawan jini ta tagar asibiti, ina horonsu da motsa jiki, alhali ni daga kujera sai mota. Ranar da abin awo ya nuna mini 150/95, kunya ta riga tsoro kama ni.

Bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023, na sayi gangar jikin keken tsere ta gwanjo, na riƙa tsintar sauran kayan ɗaiɗai wajen wani dattijo mai gyara a Ƙofar Ƙaura. Garin gaggawa na ɗaura sarƙar giya takwas kan giya goma ta Shimano. Ta yi kauri, kullum sai tsalle. Dattijon ya dube ni ya ce, "Likita, haka kake haɗa magani?"

Ka kula da sirdi. Nawa ya yi ƙasa, gwiwata ta yi mako biyu tana ciwo. Ɗora diddigenka kan feda tana can ƙasa; in ƙafar ta miƙe, tsayin ya yi.

Yanzu bayan asuba nakan yi minti 30, kwana biyar a mako, in cika 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta. Ƙwayata kuwa ban daina ba, sai likitana ya yarda.