Daga Jazira Zuwa Mai Wurno: Inda Ake Zama Idan Aiki Ya Ƙare

Duk wanda ya bi hanyar mota daga Hartum zuwa Wad Madani zai lura ƙasar ba ta da tudu ba ta da kwari. Shimfiɗe take kamar tabarma, baƙar laka iya ganin idonka, an tsattsaga ta da magudanan ruwa miƙaƙƙu kamar da zare aka ja su. Wannan ita ce Jazira, ƙasar da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Na yi shekaru ina bin wannan hanya da kayan sayarwa, atamfa da turare da goro in an samu, daga kasuwar Omdurman zuwa Sinnar har Damazin, kafin yaƙi ya tsayar da mu. Abin da nake so in ba ku labari shi ne yadda 'yan'uwanmu Hausawan can suke yi idan aiki ya kuɓuce musu. Sun ɗanɗani wannan ɗaci ba sau ɗaya ba, kuma mu 'yan kasuwa da ke zaune a ƙasashen mutane muna da abin koyo a wurinsu.

Bari in fara da yadda aka yi suka je can. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da sauran jama'a. Suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar kaɗan, garin ya ɗauki sunansa har yau. Ban da su, ga alhazan ƙafa masu nufin Makka, waɗanda guzuri kan ƙare musu a hanya su tsaya neman kuɗin jirgin ruwa. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira, sai ga aiki ya samu. Wanda ya tsaya don shekara ɗaya sai ya yi goma, ya yi aure, ya ga jikoki. Wasu sun sauke farali sun dawo nan, wasu kuma ƙasar nan ce ta rufe su da niyyarsu a zuci.

Gonar Jazira, idan aka haɗa da ƙarin Managil, ta kai kadada irin tasu, wato faddan, wajen miliyan 2, hedkwatarta tana Barakat kusa da Madani. Ruwa da kansa yake gangarowa daga madatsa, ya bi babbar tur'a, ya shiga ƙananan magudanai da suke kira Abu Ishrin da Abu Sitta, har ya kai gona. Manomin da aka ba fili, filinsa sunansa hawwasha. Amma yawancin namu ba masu hawwasha ba ne. 'Yan ƙwadago ne, masu ciyayi da ban ruwa da tsinkar auduga, ko masu noman raba-daidai da mai fili. Da yawansu suna zaune a ƙauyukan leburori da ake kira kambo, jam'insa kanabi, tare da mutanen Darfur da na Chadi, a bakin magudana, gidajen laka da na kara.

To, sai zamani ya juya. A 2005 aka yi sabuwar dokar aikin Jazira wadda ta sakar wa manomi mara ya shuka abin da ya ga dama. 'Yan shekaru bayan nan aka sallami ma'aikatan hukumar da yawa, ƙaramin jirgin ƙasan da ke kwashe auduga ya tsaya, injinan gurzar auduga suka yi sanyi, laka da ciyawa suka cike magudanai. Ka san auduga ita ce mai cin hannu da yawa. Da ta ragu, aikin tsinka ya ragu, kuɗin da iyali kan dogara da shi daga sanyi zuwa bazara ya tafi. A can kudu kuma, ƙarin tsayin madatsar Rusairis da aka kammala a 2013 ya sa ruwa ya cinye gonakin bakin kogi, aka tashi ƙauyuka. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a jihar Shuɗin Nilu, ya sake tashi a Oktoba a yankin Wad al-Mahi, aka rasa ɗaruruwan rayuka, dubbai suka bar gonakinsu da shagunansu. Sannan ga babban yaƙin da ya fara ranar 15 ga Afrilun 2023. Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamban wannan shekarar, Sinja ta bi a Yunin 2024, kafin sojoji su karɓe Sinja a Nuwamba, Madani kuma a Janairun 2025. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya raba mutane da abin yi.

Abin da na lura da shi a yawona shi ne, rashin kuɗin yana da zafi, amma akwai abin da ke saurin karya namiji fiye da shi: gari ya waye ba shi da inda za shi. Wani dattijo da na saba sauka gidansa a wani ƙauye kusa da Hasahisa ya taɓa ce mini, "Alhaji, yunwa ana raba ta da maƙwabci. Amma kunyar a gan ka zaune a ƙofar gida da hantsi, wannan kai kaɗai kake ɗaukarta." Na ga masu irin wannan hali. Mutum ya daina zuwa ɗaurin aure don ba shi da gudummawa, ya daina zuwa majalisa don kada a tambaye shi, sai faɗa da iyali a kan abin da bai kai ya kawo ba. Kafin shekara ta zagayo, ko aiki ya fito ba wanda zai tuna da shi, don ido ya daina ganinsa.

Waɗanda na ga sun tsallake kuwa, kusan dukkansu suna da wurin zama da ba su yarda sun bari ba. Wani nasa gindin bishiya ne wurin mai shayi, ana kurɓar jabana ana sauraron sashen Hausa na BBC ko na Muryar Amurka. Wani nasa da'irar zikiri ce daren Juma'a. Matasa kuma nasu shi ne nadi, rumfar kallo mai janareto da talabijin, inda ake biyan ɗan abu kaɗan a shiga. Ranar da babu ƙwallo sai a sa fim ɗin Kano. Wallahi za ka sha mamaki ka ga yaron da kakan kakansa ne ya baro ƙasar Hausa, bai taɓa ganin Kano ba, Hausarsa rabi Larabci ce, amma yana musu a kan Ali Nuhu da Adam A. Zango kamar a unguwa ɗaya suka tashi. A Mai Wurno na zauna a irin wannan rumfa, aka gama fim aka shafe fiye da awa ana gardamar wa ke da gaskiya tsakanin miji da mata. A cikin masu gardamar akwai mai digiri, akwai tsohon direban tarakta, akwai masunci, kuma ba wanda ya tambayi wani aikin me yake yi.

Wannan ba halin mu kaɗai ba ne. Ɗana ya nuna mini a waya cewa a Amurka masu son ƙagaggun labaran kimiyya, irin na tafiya duniyar taurari, suna da taronsu na duniya tun 1939 da aka fara shi a New York, har waɗanda suke jin jama'a ta ware su sukan shirya nasu taron daban. Ɗan'adam ko'ina yake yana neman inda za a san shi da abin da yake so, ko da aljihunsa a bushe yake.

Kuma kada a ɗauka hira ce kawai ake yi. A wurin zaman nan ne labarin aiki yake fitowa. A nan za ka ji ana neman masu yankan riɗi a Gadarif, ko wane yana neman yaron shago a Kosti, ko motar albasa tana neman mai lodi. A nan ne wani zai ce wa ƙanin abokinsa, "Kai yaro, gobe ka zo ka riƙe mini wuta," daga nan ya koyi agashe. Agashe kuwa, gasasshen naman nan mai ƙuli da yaji, ɗan'uwan tsirenmu, duk Sudan an san sana'ar Hausawa ce, kuma ya rufa wa gidaje da yawa asiri bayan gona ta ƙi. In kiɗa ya canza dole rawa ta canza, amma sai kana filin ne za ka ji canjin kiɗan.

Mata ma suna da nasu, kuma sau da yawa nasu ya fi ƙarfi. Adashinmu su sanduk suke ce masa. Daga ɗibar adashi mace za ta sayi gero ta fara dama godo-godo na sayarwa, ko ta soya gyaɗa, ko ta kafa teburin shayi. Gayyarmu kuma nafir ce a wurinsu: ɗakin wane ya faɗi da damina, jama'a su taru su tayar. Da yaƙi ya zo, wannan ɗabi'ar ce ta haifi takaya, tukwanen unguwa da ake dafa wa kowa, 'yan'uwa na waje suna turo abin da ya sauwaƙa ta manhajar Bankak.

Gaskiya ɗaya dai, majalisa tana iya zama zaman kashe wando. Na ga rumfar da samari suka mayar gida, daga safe har dare, ba nema ba yunƙuri. Yadda nake gane ta kirki shi ne, tana da lokacin tashi, akwai babba a cikinta da ake jin nauyinsa, kuma idan ba a ga mutum kwana biyu ba ana aikawa a duba shi.

Saboda haka, ɗan'uwa da ke Jidda ko Kwatano ko Kumasi, idan kasuwa ta karye maka ko aka sallame ka, rage cefane, rage tafiye-tafiye, amma kada ka rage fita cikin mutane. Ke kuma uwargida, idan maigida ya ce zai leƙa majalisa alhali ba ko sisi a gidan, kada ki hana shi, wata rana daga can abincin zai fito. Mu kuma da Allah ya bar mu da abin yi, mu duba wa ya daina zuwa, mu taka mu same shi, mu biya masa shayin ba tare da an sani ba. Zumunta a ƙafa take. Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya mayar da mutanen Jazira da Shuɗin Nilu gonakinsu, ya buɗa wa kowa hanyar halak.