Sallama da Zaman Dirshan

A wata gona kusa da Samnu, cikin Wadi Bawanis da ke arewa maso gabashin Sabha, na taɓa malalar da ruwan rijiya dare guda cur saboda lamba ɗaya da na rubuta ba daidai ba. Mai gonar ya sa ni haɗa wata 'yar kwamfuta mai ƙwaƙwalwar ARM, wadda ke aiki da Linux, domin ta riƙa kashe injin ban ruwa idan tanki ya cika. A cikin tankin akwai makunni mai yawo bisa ruwa. Da zarar ruwa ya kai baki, sai ya saukar da ƙarfin wutar wata waya zuwa ƙasa. Wannan saukar ita ce kiran da ke katse wa ƙwaƙwalwa aikinta, ta juyo ta saurara.

Ban fahimci kiran nan sosai ba sai da na nema masa suna da Hausa. Iri biyu ne. Na farko na kira shi sallama: baƙo ya yi ta sau ɗaya a ƙofar gida, idan babu mai ji, shi ke nan ta wuce. Na biyu zaman dirshan ne, irin na mai bin bashi da ke zaune a zaure har sai an biya shi. Kowannensu kuma yana da alƙibla, wato ko sama ko ƙasa. Shi ya sa a fayil ɗin Device Tree, inda ake bayyana wa Linux kayan da ke jikin na'ura, lambobin huɗu ne: 1 sallamar tashi, 2 sallamar faɗuwa, 4 zama a sama, 8 zama a ƙasa.

Ni 2 na rubuta. Da dare aka ɗauke wuta, da ta dawo injin ya tashi nan take, tankin da ke dab da cika ya cika tun kwamfutar ba ta gama farkawa ba. An yi sallama babu kowa a gida. Da safe na tarar da ruwa kwance cikin yashi, a ƙasar da ruwan sama baƙo ne. Cikin gaggawa na mayar da lambar 4, sai na faɗa wani kuskuren: wayar a sama take muddin tanki bai cika ba, don haka kiran ya ƙi yankewa. Linux kuwa, idan kira 99,900 cikin 100,000 bai sami mai amsawa ba, rufe layin take yi. Sai da na rubuta 8 aikin ya daidaita.

Ashe su ma na'urorin bakinsu bai zo ɗaya ba. Kwamfutar IBM ta 1981 da sallamar tashi take aiki. Tsarin PCI da ya fito a 1992 ya zaɓi zama a ƙasa, domin kaya da yawa su iya tarayya a waya ɗaya. Mai rarraba kira na ARM, wato GIC, tashi ko zama a sama kaɗai yake karɓa daga kayan tarayya, saboda haka dole a juya kiran ƙasa kafin ya isa gare shi.

Ɗalibin Hausa ba baƙon wannan lamari ba ne. Dubi dirka, wato "ne" da "ce": ba ta da karin sautin kanta, kishiyar gaɓar da ta gabace ta take ɗauka. A "doki ne" sama take, domin "ki" ƙasa ce. A "jaki ne" ƙasa take, domin "ki" sama ce. Wanda ya haddace ta da kari ɗaya zai riƙa kuskure, kamar yadda na ɗauka cewa sama ita ce kira a ko'ina.

Yanzu kafin in rubuta lamba, sai na auna wayar tanki yana fanko, in sake aunawa yana cike, sannan in cire wuta in mayar, in ga ko kwamfutar za ta san an zo ba ta nan.