A Bar wa Fijo Tsayin Ta

Mai karatu, in dai kai ma'abocin finafinan Amurka ne, to ka san motocin nan da ke tafiya kamar za su lashi kwalta. Ka tuna Chevrolet Impala ɗin da Ice Cube ya ke ja a 'Boyz n the Hood' na 1991, ko baƙar Monte Carlo ɗin Denzel Washington a 'Training Day' na 2001, wadda ya na taɓa maɓalli sai ta miƙe tsaye kamar raƙumi. Abin da burgewa, ba na musu. To amma shin ka taɓa tambayar kan ka me ya sa su ke sauke motar ƙasa, kuma a kan wane irin titi?

Abin ya samo asali ne daga 'yan asalin Meziko mazauna Los Angeles, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Su ba gudu su ke nema ba, so su ke su wuce a hankali kowa ya gan su. Da farko buhunan yashi su ke lodawa a but, daga baya su ka koma yanke sifirin. A 1958 jihar Kalifoniya ta hana hawa motar da wani sashe na jikin ta ya fi ƙarfen taya kusa da ƙasa. Sai wani mai suna Ron Aguirre ya ɗauko famfunan jirgin sama ya haɗa wa motar sa a 1959: in ya hango ɗan sanda ya ɗaga ta, in ya wuce ya sauke. Sai a farkon 2024 aka janye wannan doka. Ka ga ashe tsallen nan da mu ke kallo a fim, dabarar tsere wa hukuma ce.

Abin da ya jawo wannan dogon zance shi ne Fijon mahaifin mu, Allah ya jiƙan sa. Peugeot 504 ce fara, haɗin Kaduna. Da aka zo rabon gado babu wanda ya yarda a sayar, sai aka bar ta a hannu na da sharaɗin ta kowa ce, kuma ita ke kai Hajiya asibiti da ƙauye. Kwatsam sai autan mu ya zo da hotuna a waya, wai so ya ke a sauke ta inci uku, a sa mata faffaɗan taya, ta zama "'yar yayi." Har ya na cewa masu shirya fim za su riƙa hayar ta. Na ce a'a. Ya ce ai shi ma ya na da kaso a ciki. Kuma gaskiyar sa, ya na da shi. Sati biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ni dalili na shi ne, 504 tsayin nan nata shi ne mutuncin ta. Tun da ta fito a Faransa a 1968, abin da aka san ta da shi kenan: dogon sifirin mai laushi da ke shanye rami. Shi ya sa ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, shi ya sa kuma aka ci gaba da haɗa ta a Kaduna shekaru da dama bayan Turawa sun daina yin ta. Duk wanda ya taɓa shiga Fijon tasha, fasinja fal ciki ga buhu a baya, ya san abin da na ke faɗa.

Kuma sauke mota ba yankan farce ba ne. In ka yanke sifirin, tauri ya ke ƙarawa, duk wani tsakuwa sai ka ji shi a ƙugun ka. In kuma mai walda ya gasa shi da wuta don ya lanƙwashe, kamar yadda wasu ke yi don arha, to ƙarfen ya mutu, wata ran sai dai ka ji ƙaras a tsakiyar hanya. Shokazoba ba ta da sauran wurin motsi, sai ta yi ta dukan ƙarshen ta har ta fara yoyo. Tayoyin gaba su karkace su riƙa cinyewa ta gefe guda. Mafi muni, kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji ya matso kusa da dutse. Ya fashe ba ka lura ba, inji ya tafi.

Wanda ya raba gardamar tsohon bakaniken Baba ne. Ya saurari auta tsaf, sannan ya ce, "Yaro, kafin mu yanka, mu gwada." Ya sa aka loda buhunan siminti a but da kujerar baya har motar ta zauna daidai inda auta ya ke so, ya auna da tef. Ya miƙa masa makulli, ya ce ya kai mu gida.

Jama'a, tudun rage gudu biyar ne tsakanin gareji da layin mu. A na farko salansa ta yi ƙuuu. A na uku sai da mu ka fita mu biyu, auta ya haye a karkace, 'yan acaba na ta yi masa horn. Kwalbatin ƙofar gida kuwa ko gwadawa bai yi ba. Hajiya na zaune a soro, ta dube shi ta ce, "Auta, haka za ka kai ni ƙauye da damina?"

Bai ce komai ba. Amma kada ka zaci ya haƙura. Mun daidaita a kan sabon fenti da wili masu ƙyalli, kuɗin rabi-rabi, sifirin kuma ba a taɓa ba. Shi kuwa yanzu cigiyar wata tsohuwar Volkswagen ya ke yi, irin mai ƙusumbin nan, wadda ba gadon kowa ba ce. Ya ce wannan in ya ga dama har ƙasa zai kwantar da ita. Na ce in ya samu ya kira ni, ni zan fara shiga.