Zaɓin da na ba yarona

Daren Asabar da ta wuce an ɗauke wuta a Badariya, muna shan iska a tsakar gida, sai na lura yaron wajena ya yi tagumi gaban kwamfuta kusan minti goma bai taɓa komai ba. Na ce, "Kai, mi ya faru? Ta lalace ne?" Ya ce, "A'a Baba, shawara nike yi."

Wasan da yake yi sunansa The Witcher 3, kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland ya fitar da shi a 2015. Ba na ƙananan yara ba ne, iyaye a kula. Irin wasan nan ne da za a ba ka jarumi, a riƙa aiken ka, kai ke yanke hukunci. Aiken da ya tsayar da shi: wani aljani ne ɗaure a gindin bishiya. In ka sake shi, zai ceci wasu marayu daga hannun mayu, amma ya halaka mutanen wani ƙauye. In ka kashe shi, ƙauye ya tsira, marayun kuma shi ke nan. Gaba kura, baya siyaki. Sakamakon ma sai ka yi nisa za ka gani.

Ya ce mini a nan ake gane gwanin tsara wasa. Ya ba ni labarin Mass Effect 3 na kamfanin BioWare, wanda ya fito a 2012. Mutane sun yi wasanni uku suna zaɓe-zaɓe, a ƙarshe suka tarar duk hanyar da ka bi kusan wuri ɗaya take kai ka, launin haske ne ya bambanta. Aka yi ta ƙorafi har kamfanin ya faɗaɗa ƙarshen wasan kyauta.

Wallahi jikina ya yi sanyi. Kwana uku kafin nan, da muka zauna kan maganar JAMB, na ce masa, "Ni ba ni yi maka dole. Zaɓi: likitanci, haɗa magunguna ko jinya." Ƙofa uku, duk asibiti suke kaiwa. Ni da nake ƙorafi a ofis in an kira mu taron jin ra'ayi alhali an riga an sa hannu a takarda, ashe abin da nake yi a gidana ke nan.

Shi kimiyyar kwamfuta yake so. Burinsa ya ƙera wasa a kan Kanta: an dawo daga yaƙin Agadas, an saɓa da Askiya kan ganima, za ka ci gaba da biyayya ko ka ɓalle ka gina Surame? Na ce wa zai saya? Ya nuna mini Aurion, wanda Kiro'o Games na Kamaru suka fitar a 2016.

Har yanzu ina tsoro. Albashina ba zai ɗauki a yi karatu a dawo a zauna ba. Amma na ce ya yi istihara, ya cike abin da ya zaɓa, kuma duk abin da ya biyo baya kada ya ce Baba ne. Ya yi shiru, irin shirun da ya yi gaban bishiyar nan.

Allah Ya yi wa 'ya'yanmu zaɓin alheri.