Hita ko gas? Zare a kan ɗumama ɗaki da hunturu

1/ Jama'a, hunturu ya kankama. Daga Kazaure har Babura, Roni da Gwiwa, sanyin asuba ba ya raga wa kowa. Musun da muke ta yi da abokai a makaranta shi ne: ƙaramin ɗaki, da hitar lantarki za a ɗumama shi ko da gas? Ku biyo ni.

2/ Turawa ma suna wannan musun. A Amurka akwai masu jan ƙaramin gida a bayan mota su tafi yawon daji. Yawanci akwai murhun ɗumi na gas a ciki, wasu kuma su jona hita in sun sami wuta. Kamar dai ɗakunanmu na haya da kwantenonin shago: wuri ƙarami, a rufe.

3/ Amma fa akwai bambanci babba. Murhun nasu, wutar tana ci ne a cikin rufaffen akwati, hayaƙin ya bi bututu ya fita waje, fanka ta huro iska mai ɗumi kawai cikin ɗaki. Mu kuwa tukunyar gas ɗin girki ce ko kaskon gawayi a tsakar ɗaki. Duk abin da ya fito, mu za mu shaƙa.

4/ Mu yi lissafi. Hita mai wat 1,500 in ta yi awa 8 ta sha yunit 12. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai farashin Band A naira 225 kowane yunit. Wato naira 2,700 a dare guda. Wanda ba ya Band A kuɗinsa bai kai haka ba, amma wutarsa ma ba ta kai ta Band A daɗewa.

5/ Gas kuwa, kilo 1 yana ba da zafi kusan na yunit 13, kuma ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke. Ƙaramin janareta ma ba ya iya ɗaukar irin wannan hitar. Shi ya sa abokaina suke cewa gas ya ci wasa. A takarda kam, sun yi gaskiya.

6/ Ni dai ban yarda ba. Ƙanina yana kwana a kwantenar shagon babanmu don gadin kaya. Ƙarfe ne ta ko'ina, ƙofa ɗaya, ba taga. Da an ce gas, shi nake fara tunawa, ba farashin kilo ba.

7/ Wuta in tana ci a rufaffen wuri tana cinye iskar da muke shaƙa. In iskar ta yi ƙaranci, sai ta fara fitar da kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tana kama jini fiye da iskar oksijin sau 200 da wani abu. Gawayi da janareta ma suna fitar da ita sosai.

8/ Alamunta: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Sai mutum ya ce ai maleriya ce, ya ƙara jan bargo. Mai barci kuwa ba ya ma jin komai. In kuka ga 'yan ɗaki ɗaya duk sun tashi da ciwon kai, ku buɗe ƙofa, ku fitar da su waje, a wuce asibiti.

9/ Ƙari kuma, gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In tukunya tana yoyo, ƙasa yake taruwa, daidai inda muke shimfiɗa katifa.

10/ Hita ma ba waliyyiya ba ce. Ba ta fitar da wannan gubar, amma tana tada gobara. Kar a jona ta a siririyar wayar ƙari, kai tsaye a soket ɗin bango. A nisanta ta da bargo, labule da gidan sauro da aƙalla mita 1. Kar a shanya mata kaya.

11/ Matsayata: in akwai wuta, a kunna hita ɗaki ya yi ɗumi, a kashe kafin barci. In babu, bargo biyu, safa, hular sanyi, da gorar ruwan ɗumi a ƙafa. Gas na dafa shayi ne, ƙofa a buɗe. Kasko ya kwana a waje.

12/ Don Allah ku tura wa masu gadi, direbobin da ke kwana a mota a hanyar Kano zuwa Daura, da iyayenmu mata masu saka wa jarirai kasko a ɗaka. Allah Ya raba mu da kwanan da ba tashi.