Wayar da ta kusa raba ni da aiki

Shekarata ta farko a Sabha, shara nake yi a wani ɗakin gwaje-gwajen haske. Wata safiya tsintsiyata ta fizgi waya guda, madubi ya ɗan gusa, hasken leza ya kauce. Aikin kwana uku ya tashi a banza. Na ce shi ke nan, kora ce, ga iyali a Maraɗi suna jiran aike.

Malamin bai yi faɗa ba, ya ce, "Zo mu gyara." Muka ɗage wayoyin daga ƙasa, muka raba na wuta da na saƙo, kowace da sunanta a jiki. Na'urori masu fanka muka sauke su, kada su girgiza teburin.

Har yau, kafin in ɗauki tsintsiya, sai na duba ƙasa.