Yadda Muka Tayar da Akori-kurar Baba

Ranar da na fara sauka Kumasi, ina saurayi, biye da buhunan albasar wani kawuna daga Galmi, motar da ta kwashe ni daga tasha zuwa Aboabo ita ce Fijo 504 ta Baba. Mu a gida bashe muke ce wa irinta, 'yan Najeriya su ce akori-kura. Baba shi ne mai masaukinmu. Duk baƙon da ya sauko daga arewa motar nan ce ke ɗaukarsa, kuma ban taɓa ganin an karɓi ko sisi a hannun sabon zuwa ba.

Bayan Allah ya yi wa Baba rasuwa, motar ta yi shekara 9 a bayan gida. Tayoyi suka sace, kaji suka mayar da kujerar gaba wurin ƙwai. Ga shi Kumasi ba kamar gida ba ce, damina biyu ake yi a shekara, ƙarfe ba ya jimawa tsatsa ta kama shi. Masu sayen ƙarafa suka fara zarya, suna so su yanka ta su auna a kan sikeli.

Ba zan ɓoye muku ba, da iyalin Baba suka nemi shawarar ƙungiyarmu ta 'yan albasa, ni na fara cewa a sayar. Ni ne ma'aji, kuma na san abin da ke cikin zukatan mutane. Shekara biyu kafin nan wani adashi ya watse a tsakaninmu, wanda aka damƙa wa kuɗin ya yi ɓatan dabo. Tun daga lokacin, ka ce a haɗa kuɗi, sai ka ga kowa yana duban ƙasa.

Ana cikin haka wani ɗan dako ya rasu da asuba, bawan Allah ba shi da kowa a garin sai mu. Kafin hantsi an yi masa wanka da sutura, amma motar da za ta kai shi maƙabartar Tafo ta gagara. Wannan direba ya ce ba ya ɗaukar gawa, wancan ya tsuga kuɗi. Sai bayan la'asar muka rufe shi. Da dare Hajiya, uwargidan marigayi Baba, ta aiko a kira ni.

"Ɗana," in ji ta, "da Alhaji na da rai, mutumin nan zai wuni a tabarma? Na ba ku motar. Amma ba don sikeli na ba ku ba."

Na ce, "To, Hajiya." Ban iya ɗaga kai ba.

Muka janyo ta zuwa Suame Magazine, unguwar makanikai da duk mai mota a Ghana ya sani. Can muka samu wani dattijo Ba'asante da ya tsufa a kan Fijo. Bai ko buɗe inji ba, sai ya kwanta ƙarƙashinta da guduma yana ƙwanƙwasa shasi. Da ya fito ya ce ƙashin bayanta lafiya lau, sauran duk nama ne, ana iya sakewa. Shi ya ba mu tarihinta: a 1968 Faransa ta fito da 504, mai buɗaɗɗen baya ta biyo daga baya, kuma tun 1975 ake harhaɗa Fijo a Kaduna. Shi ya sa har yau ba a rasa kayanta a ƙasashenmu. Babu kwamfuta a jikinta, kafireta ce da fulogi, bayanta kuma sifirin ne mai ganye-ganye, irin wanda ke jure lodi da ramuka.

Muka yanka wa kanmu sidi 50 kowane wata, mu mutum 23. Sharaɗi ɗaya na kafa: duk abin da ya shigo da wanda ya fita a rubuta a littafi, a ɗauki hoton shafin a tura WhatsApp ɗin ƙungiya ran Juma'a. Aiki kuma ran Lahadi, da yake kasuwa ba ta ci sosai. Bakanike ya sauke inji ya sake ringi da gaskit, mai walda ya yanke ruɓaɓɓen daɓen baya ya sa sabon faranti, mu kuma da yaranmu muka ɗauki kankare tsatsa da wanke ƙusoshi a kananzir. Mata suka riƙa aiko da wake da shinkafa. Duk da haka rabin mutane ba sa biya a kan lokaci, aiki na tafiya kamar hawainiya.

Sai na yi abin kunya. Dattijon ya ce a sayi sababbin kayan birki, ni kuma na ga na hannu a rabin kuɗi, halin ɗan kasuwa ya motsa. Ya yi gargaɗi, na nace. Ranar gwaji, cikin gareji, aka taka birki ya shige har ƙasa, mota ta tafi salin-alin ta daki bango. Fitila ta fashe, lagireton da muka gama biya ya tsage. Allah ya kiyaye, yaran da ke wasa a wurin sun tashi ba da jimawa ba.

Daren nan na daɗe da biro a hannu. Ina iya rubuta "gyaran lagireto" kawai, ba mai tambaya. A ƙarshe na rubuta: "Ɓarnar da ma'aji ya jawo saboda son arha. Shi ya biya daga aljihunsa." Na tura, na kashe waya.

Abin mamaki, a makon nan mutum bakwai suka kawo bashin da ake bin su. Wani da bai taɓa sa ko kwabo ba ya zo rumfata ya ajiye na wata uku, ya ce, "Alhaji, littafin da ke faɗin laifin mai riƙe da shi, ba na tsoron sa kuɗina a ciki." Ashe ba talauci ya hana mutane ba.

Wata 11 muka yi. Aka fesa mata farin fenti irin na da, aka ɗinka sabon tamfol, aka sabunta takardu da inshora. Ɗana na biyu, wanda Asantanci ya fi Hausa zama a bakinsa, shi ne ya fi kowa naci, yanzu ma can yake koyon aiki wurin dattijon. Tafiyarta ta farko, Hajiya muka sa a gaba aka zaga da ita unguwa. Ba ta ce komai ba, hannu kawai ta ɗora a kan dashbod.

Yau motar na da direba ɗaya, makulli na wurin liman. Gawa da mara lafiya kyauta ne. Kayan amarya da na kasuwa ana biya, kuɗin ya shiga asusun bakin mai da taya. Littafin yana nan, kuma har yanzu duk Juma'a sai na tura hotonsa.

'Yan'uwa na zangon wasu garuruwa, in akwai irin wannan mota a bayan gidan wani dattijonku, kafin a kira masu sikeli ku sa a duba shasinta. In lafiya yake, ku sayi littafi kafin ku sayi fulogi. Kada kuma ku nemi arha a birki.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa motar nan ta zame masa sadaka mai gudana.